Tsuguno a Gaban Raga

Ni dai ban taɓa ɗaukar tanis a matsayin sana'a ba. A Maradi inda na tashi, fili ɗaya na sani, a bayan wata doguwar katanga da muke wucewa in za mu makaranta, kuma abin da kawai ke fitowa daga ciki shi ne fat, fat, sai dariyar mutanen da na yanke wa hukuncin ba su da aikin yi. Na zo Lyon karatu, na koyi aikin gashi da motsa gaɓoɓi, wanda a nan kowa ke ce wa kine, na samu wuri a wani ɗakin jinya a Vénissieux, duk ra'ayina bai canza ba. Masu zuwa wurina 'yan sito ne da ma'aikatan masana'antu waɗanda ɗaukar kaya ya cinye wa baya, sai tsofaffin da aka sauya wa ƙugu. Su nake ganin sun cancanci hannuna.

Wata safiya cikin kaka sai ga wata doguwar Baturiya ta shigo, hannunta na dama rataye a wuya. 'Yar ƙasar Cek ce, shekarunta sun haura talatin. An yi mata aiki a kafaɗa a nan Lyon, tana kuma zaune a ɗakin wata 'yar ƙasarsu da ke aiki a sito kusa da dogayen benayen Minguettes, shi ya sa ta faɗo hannuna maimakon manyan wuraren da 'yan wasa ke zuwa. Na tambaye ta aikinta.

Ta ce, "Tanis."

Na ce, "Aikin fa nake tambaya, ba abin da kike yi ranar hutu ba."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Faransancinta a karye yake, amma ta yi mini bayani a tsanake. Wasan bibbiyu take yi: mutum biyu a wannan gefen raga, biyu a wancan. In za a fara kowane maki, ɗaya tana tsayawa can baya ta cilla ƙwallo sama ta buga shi zuwa gidan abokan hamayya, bugun da suke kira sarbis. Abokiyarta kuma tana gaba, kusa da raga, ta ba ta baya, tana jiran abin da zai dawo.

Bakina ba shi da linzami, kowa ya sani. Na ce, "Wato ke kaɗai ba ki iya ba, sai an taya ki."

Ta ce, "Ke kaɗai kike ɗaga marar lafiya daga gado?"

Tun daga ranar na ji ta kwanta mini a rai, ko da yake ban nuna mata ba.

A kan gadon gashi na san rayuwarta, kaɗan-kaɗan, tsakanin cije baki da jan numfashi. Ta fara riƙe raket, abin da suke buga ƙwallon da shi, tun ba ta kai tsayin raga ba, a wani ƙaramin gari da ƙanƙara ke rufe filinsa rabin shekara. Ta gwada wasan mutum ɗaya, ba ta yi nisa ba, kuma ba ta ɓoye hakan. Ta koma bibbiyu, a nan ta samu kanta. Shekara da shekaru tana yawo da jaka ɗaya daga wannan ƙasa zuwa waccan, ta ci wasu kofuna da ko maƙwabtanta ba su san da su ba. Ta taɓa ce mini, "Mu ake sa wa wasa lokacin da 'yan kallo suka tafi neman abinci." Ba da ɗaci ta faɗa ba. Tana son sana'arta kamar yadda nake son tawa, da ƙorafi da komai.

Abin da ke gabanta ɗaya ne, kuma tun makon farko ta gaya mini. Akwai doka a wasansu da ke adana wa mai jinya matsayinta na ɗan lokaci, don in ta warke ta koma inda ta tsaya. Nata lokacin zai ƙare jim kaɗan bayan babbar gasar nan da ake yi a Paris a kan jar ƙasa. In ta shiga ta buga, har wata ta yarda ta ci gaba da wasa da ita, to sana'arta na nan. In ba haka ba sai ta koma can ƙasa ta faro tare da 'yan mata masu rabin shekarunta, kuma ita da ni mun san hakan na nufin an gama.

Muka duƙufa. Ban taɓa samun mai jinya irinta ba. In na ce ɗaga goma sai ta nemi ƙari, in na hana sai ta je gida ta yi a ɓoye, washegari kafaɗar ta tona mata asiri, in yi ta faɗa tana kallon silin. Mun yi rigima har ta kai wata rana abokin aikina ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Amma kafin sanyi ya fara sauka, kafaɗar ta dawo. Tana juyawa sumul, ƙarfinta ya kusa na hagu. Na yi alfahari da aikina, ba zan ɓoye ba.

Ta gayyace ni in ga sarbis ɗinta a wani rufaffen fili da ake ba ta aro da hantsi, lokacin da yara ke makaranta. Na hau tiram, jirgin ƙasan cikin gari, na je. Ita kaɗai ce a filin, da kwandon ƙwallaye a gefenta. Ta cilla, ta miƙe, ta buga, ƙarar ta cika ɗakin har na ji ta a haƙorana. Ta yi ta yi, kowanne na sauka inda ta nuna. Na ce mata aikina ya ƙare, ta je ta nemi tikitin Paris.

Ta kira wani dattijo mai koyar da yara a wurin, ta roƙe shi ya tsaya mata a gaban raga. Ya tsaya. Ta cilla ƙwallo, sai na ga hannun da na yi wata da watanni ina ginawa ya lanƙwashe a sama, ya taɓa ƙwallon a hankali kamar mai korar ƙuda daga kan jariri. Ta sake, ya faɗa raga. Ta sake, ta kama ƙwallon da hannu ba ta buga ba. Dattijon ya duba agogo ya ce yana da abin yi.

Ta zauna a benci ta ɗora raket a cinya, ta ba ni labarin da ko likitan da ya yi mata aiki bai sani ba. A wasanta na ƙarshe kafaɗar ta riga ta lalace, tana ɓoyewa, don a sana'arsu da zarar an ji kina da ciwo wayarki ta daina ƙara. Ta ɗaga hannu za ta buga, kafaɗar ta saki, ƙwallon ya kauce ya sami abokiyar wasanta a bayan kunne. Matar da suka yi shekara da shekaru tare, suna kwana ɗaki ɗaya, suna cin abinci a kwano ɗaya, ta faɗi a gabanta. Ta warke daga baya, amma ba ta sake wasa da ita ba, kuma labari ya zaga. Tun daga nan, in akwai ƙeyar mutum a gabanta, hannunta ba ya yarda.

Na ji tausayinta, amma haushi ya fi yawa. Ni ba na gyara abu don a ajiye shi a kan kanta ana kallo. Kafaɗa lafiyayya, aikin hannuna, a ce tsoro zai zubar da shi? Na tambaye ta me take bukata. Ta ce mutum, wanda zai riƙa tsaya mata a gaban raga kullum har hannun ya saba, kuma ba ta da mai yi mata hakan.

Na ce, "Ga ni."

Ta ce, "Ba ki taɓa riƙe raket ba."

Na ce, "Ƙeya kika ce kina so. Ina da ita."

Da yamma na gaya wa maigidana, wanda ke aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons. Yana cin tuwo ya dakata da loma a hannu.

Ya ce, "Tsaya in gane. Ke za ki tsaya ki ba ta baya, ita kuma ta dinga harbo ƙwallo ta bisa kanki. Mi aka ce sunan wanga aiki?"

"Jinya ce, Malam."

"Jinyar wa? Taki da za ta biyo baya?"

Yara suka fashe da dariya. Na ce in ya gama zolaya ya miƙo mini miya.

Ya ce, "Bon. Ni ba ni hana ki. Amma in kika zo da ƙulu a ƙeya, mi zan ce ma mutane a masallaci? Kowa zai ce ni ne."

Da safe na tarar ya sa mini hular ƙarfensa ta aiki a cikin jaka, fara, mai igiya a haɓa. Na ji daɗi, na ga hikima ce. Na isa fili, na ɗora ta a kan kallabina, na ɗaure, na je gaban raga na tsaya ina jin kaina cikakkiyar ma'aikaciya. Na jira ƙara, shiru. Da na juya sai na ga ta fara mayar da raket cikin jaka, fuskarta ta yi fari fat.

Ta ce, "Wannan mene ne?"

"Hular mijina ce."

"Bakinki ya ce za ki tsaya mini. Kanki ya ce kin san zan buge ki."

Na buɗe baki zan ce ni uwar yara uku ce, ina da haƙƙin kare ƙwaƙwalwata. Gaskiya ce kuwa. Sai dai na san a Paris ba wadda za ta tsaya mata da hular masana'anta. Na kwance igiyar, na ajiye hular a ƙarƙashin benci, na gyara kallabina na koma.

Matsala ta biyu wuyana ne. Da na ji ta fara bubbuga ƙwallo a ƙasa tana shirin bugu, sai in waiwaya. Ba da niyya ba. Innata ta tarbiyyantar da mu da ido da kuma bakin mafici: in babba ko baƙo yana bayanki yana wani abu, ba ki tsaya ƙerere ki ba shi ƙeya, sai ki karkace, ki ba shi gefe, ki nuna kin san da shi. Abin ya zauna mini a jiki, har a layin biredi nakan tsinci kaina a karkace. Ga kuma aikina, wanda duk na kallo ne. An ce kafaɗar da nake jinya tana aiki a bayana, a ce kar in duba? Sai na uku, wanda ban gaya mata ba: ina so in ga abin da zai kashe ni.

Duk waiwayen da na yi, hannunta sai ya mutu. Ranar da abin ya ishe ta, ta zo har gaban raga ta tsaya a kaina.

Ta ce, "In kin juyo, fuska nake gani. In na ga fuska, ba zan iya ba. Kuma a wasa, wadda ta waiwaya ita ke rasa ido."

Na ce, "A garinmu rashin kunya ne."

Ta ce, "A filin nan wadda ta yarda da ke ce take ba ki baya. Ki bar garinku a ƙarƙashin benci tare da hular."

Na ji zafin maganar, na kwana ina ƙunƙuni, har Malam ya ce in dai Baturiyar ta iya rufe mini baki to a ba ta lambar yabo. Washegari na samo dabara. A bangon da ke fuskantata akwai jar tukunyar kashe gobara a rataye. Na kafa mata ido, na ce ko sama za ta faɗo ba zan ɗauke ba. Na riƙa karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Ƙwallo ya wuce ta damana da wani irin fito, iskarsa ta kaɗa bakin kallabina, ya sauka a cikin gida. Ban juya ba. Ta sake, ya sake wucewa.

Daga nan na karɓi ragamar abin, don wannan kam aikina ne. Yadda ake koya wa gwiwa hawa bene, haka muka yi. Na fara tsayawa can gefe, kusa da layin waje, inda ko makaho ba zai same ni ba. In hannunta ya saba da wurin, sai in matso taki guda zuwa tsakiya. Wani makon mu ci gaba, wani makon mu koma baya, in ta zo da fuskar da ba ta yi barci ba. Ita kuma ta koya mini al'adunsu. Mai tsayawa a gaba takan sa hannu a bayanta ta yi alama: yatsa ya nuna inda za a buga, dunƙulen hannu na nufin ina nan ba zan motsa ba, buɗaɗɗen tafi na nufin zan tsallaka in tare. Bayan kowane maki kuma, an ci ko an faɗi, sai a taɓa hannu. Na ce wannan gaisuwar ta fi ta mutanen Tahoua yawa. Ba ta gane ba, amma ta yi dariya.

Wuri na ƙarshe shi ne wanda take tsoro tun farko. A manyan wasanni, in ana so a rikita abokan hamayya, ta gaba takan tsuguna daidai kan layin tsakiya, ƙasa sosai, ƙwallon ya bi ta saman kanta kai tsaye. Ta ce in ba za ta iya wannan ba, ba ta da abin da za ta kai Paris, don da shi aka san ta. Ni kuwa tsuguno ba baƙona ba ne, wadda ta tashi tana wanke-wanke a tsakar gida. Na tsuguna, na sa hannu a baya, na nuna mata tsakiya, na dunƙule.

Kwanaki ƙwallo na wucewa ta kaina lafiya. Ranar da ya same ni, ba abin da ya bambanta ta da sauran. Na ji ƙarar bugun ta fito wani iri, kafin in yi tunani abu ya sauka a bayana, ƙasa da wuya kaɗan, kamar an maka mini muciya. Numfashina ya ɗauke. Hawaye suka zubo da kansu. Duk jikina yana cewa in tashi, in juya, in dafa wurin, in zage ta da yaren da ba ta ji.

A bayana na ji raket ya faɗi ƙasa. Na san in na juya a lokacin, ta ga fuskata da hawaye, to an gama, kuma wahalar sanyin nan gaba ɗaya ta tashi a banza. Na kafe ido a kan jar tukunyar. Na mayar da hannuna baya, na nuna tsakiya, na dunƙule.

Ta kira ni da wata ƙaramar murya da ban san tana da ita ba.

Na ce, ban juya ba, "Ina jira. Yarana sun kusa tashi daga makaranta."

Na ji ta ɗauki raket. Na ji ƙwallo na dukan ƙasa, ya tsaya, ya sake. Sannan ya wuce ta saman kaina da ƙarfin da ban taɓa ji ba, ya daki bangon can. Sai a lokacin na miƙe, na je na miƙa mata hannu ta taɓa. Ba wadda ta kalli wata a cikinmu.

A gida Malam ya ga shatin, baƙi ƙirin, faɗin bakin kofi. Na shirya wa zolaya, sai bai yi ba. Ya ɗauko man zafi yana shafa mini, can ya ce, "Ta buga na gaba?" Na ce ta buga. Ya ce, "To, madalla."

Saura abokiyar wasa. A sana'arsu ba mai haɗa ki da kowa, ke za ki bi mutane da saƙo a waya kina tambaya. Ta yi ta aikawa. Wasu suka yi shiru, wasu suka amsa da ladabi mai yawa cewa sun riga sun yi alkawari. Na ga yadda take kifa wayar a kan gadon gashi don kar in ga tana dubawa. Ana gab da rufe rajista wata yarinya 'yar Faransa ta amsa. Ba ta daɗe da shiga manya ba, wadda za su yi wasa tare ta janye, kuma matsayin da aka adana wa mutuniyata ne kaɗai zai shigar da ita gasar. Ba don ƙauna ta yarda ba, kuma ta ji labarin kunnen nan kamar kowa.

Na ɗauki hutu na bi ta Paris. Na sauka wurin gwaggona a Montreuil, wadda ta shekara aru-aru a can tana sayar da turare da atamfa ga matan unguwa. Bayan mun gaisa, ta tambayi Malam, da yara ɗaya bayan ɗaya, da gajiyar hanya, da mutanen Lyon waɗanda ba ta sani ba, sai ta zo kan magana.

Ta ce, "Ɗiyata, an ce mini duk karatun nan da kika yi, tsuguno kike yi ana jifar ki da ƙwallo. Gaskiya ne?"

Na ce, "Gaskiya ne, Gwaggo."

"Biyan ki take?"

"A'a."

Ta jinjina kai. "To ashe abin babba ne. Allah ya ba ta sa'a." Da safe ta cusa mini ƙullin dabino a jaka, ta ce in ba Baturiyar.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layi na tara ya ɗauke ni daga gabashin birnin har yammacinsa, ina zaune da takardar baƙunta a wuya, gabana na faɗuwa kamar ni zan buga. An sa wasansu a wani ƙaramin fili can gefe. 'Yan kallo ba su cika benci biyu ba, kuma rabinsu sun zo hutar da ƙafa ne. Jar ƙasar ta fi yadda nake gani a talabijin kyau. Na zauna a layin gaba.

Da sarbis ya zo kan mutuniyata, na ga abin da nake gudu. Yarinyar ta je ta tsaya can gefe, wajen da na fara tsayawa ranar farko, ta bar tsakiyar fili a buɗe. Kafin a buga kuma ta waiwaya. Jinina ya tafasa. Hannun ya lanƙwashe, ƙwallon ya tafi a sanyaye, abokan hamayya suka dawo da shi ta tsakiya kamar suna raba goro. Haka aka yi ta yi har suka rasa zagayen farko cikin ukun da ake yi a wasa. Na zauna ina murɗa ƙullin dabinon Gwaggo, ba abin da zan iya, don a wurin ko tari mai ƙarfi ba a so.

A zagaye na biyu sarbis ya sake zuwa kan mutuniyata, suna baya. Ta kira yarinyar, suka haɗa kai, ta rufe bakinta da ƙwallaye biyu yadda suke yi don kar a karanta leɓɓansu. Ta nuna layin tsakiya. Yarinyar ta girgiza kai. Ta sake magana, sai na ga ta nuno ni da bakin raket. Yarinyar ta juyo ta dube ni. Ban san me aka ce ba, amma tun ɗazu nake cike da ita, don haka na zuba mata harara irin wadda nake yi wa yarana a gidan mutane.

Yarinyar ta je ta tsuguna a tsakiya. Ta sa hannu a baya. Daga inda nake ina ganin jijiyar wuyanta tana son juyawa. Ba ta juya ba.

Karo na farko ke nan da na ga wannan bugun da idona, don duk watannin nan da ƙeya na san shi. Mutuniyata ta cilla ƙwallon sama, ta miƙe gaba ɗayanta, kafaɗar ta buɗe har ƙarshe ba tare da wata tantama ba, ƙwallon ya bi ta saman kan yarinyar ya daki layi, jar ƙura ta tashi. Ta can gefen ko taɓa shi ba ta yi ba. Na ji guɗa ta taso mini har maƙogwaro, na danne ta da ƙyar, na share ido da bakin mayafi.

Sun ci wannan zagayen. Na uku ya yi tsawo, aka yi ta ja, a ƙarshe suka faɗi da ƙyar, aka fitar da su daga gasar. Na ji ciwon faɗuwar, amma ba shi ne a raina ba. Gasa ɗaya ba ta isa ba, in yarinyar ta ɗauki jakarta ta ce na gode ta tafi, mun dawo inda muka fara.

Na sami mutuniyata a wani benci a bayan filayen, inuwar bishiya, tawul a kanta. Na zauna na ɗora mata ƙanƙara a kafaɗa, ina latsawa da yatsu ina jin inda ya yi zafi. Na tambaye ta me ta gaya wa yarinyar.

Ta ce, "Na ce mata ta ga matar can mai kallabi? Uwar yara uku ce, ba ta taɓa riƙe raket ba, ta tsuguna mini duk sanyin bana. Na buge ta sau ɗaya, ga ta nan da ranta."

Na ce, "Da kin ƙara da cewa har yanzu ba na iya kwanciya rigingine."

Ba ta yi dariya ba. Tana kallon hanyar da 'yan wasa ke fitowa. Muka zauna, ƙanƙara na narkewa tana bin hannuna. Can sai ga yarinyar, ta yi wanka ta canza kaya, jakar raket a baya, waya a hannu. Ta zo ta tsaya a gabanmu, ta gaishe ni da wani irin ladabi na wadda ba ta manta hararar ba. Sannan ta dubi mutuniyata, ta ce akwai gasa a kan ciyawa nan gaba kaɗan, za a rufe rajista gobe, ta riga ta rubuta nata sunan, saura na abokiya.

Ta ce, "In kina so. Kuma wa zai fara sarbis, ni ko ke?"

Mutuniyata ta sunkuyar da kai, tawul ya rufe mata fuska, sai kafaɗar ce na ji tana girgiza a ƙarƙashin tafina. Yarinyar ta yi tsuru-tsuru tana kallona, ta ɗauka ta yi laifi.

Na gyara ƙanƙarar, na ce, "Rubuta sunanta. Ita za ta fara."